Ƙwallon Ƙafa, Neman Aiki da Shugabanci a Garwa

Garwa birni ne da ke arewacin ƙasar Kamaru, a bakin kogin Binuwai, wato kogin nan da ke bi ta Yola da Makurɗi kafin ya haɗu da Kwara a Lakwaja. Shi ne babban birnin Yankin Arewa, ɗaya daga cikin yankuna 10 na ƙasar. Gari ne mai lamiɗo. Fulatanci ne harshen kasuwa da na kan hanya, Faransanci kuwa na makaranta da ofis, amma duk da haka Hausa tana da gindin zama, domin fatake da malamai da mahauta sun daɗe da zama a can. Ɗalibi zai ga sunan garin a taswira da rubutun Faransanci, Garoua, kamar yadda zai ga Hayatou da Aboubakar a jaridu. Duk inda ya ga "ou" sai ya karanta "u" ko "w". A nan an rubuta sunayen garuruwa yadda Bahaushe ke faɗarsu, na mutane kuwa an bar su yadda masu su ke rubutawa.

Wannan takarda za ta duba yadda labarin ƙwallon ƙafa a Garwa ke bayyana al'amarin neman aiki da ƙarin girma da riƙon shugabanci. An zaɓi ƙwallo ne saboda babu wani abin nishaɗi da ya kai shi tara jama'a a garin, kuma mutanen da samari ke misali da su in ana hirar arziki, yawancinsu ta hanyar ƙwallo aka san su.

Saurayi da takardarsa

Saurayin da ya gama karatu a arewacin Kamaru yana da hanyoyi kamar uku a gabansa. Ta farko ita ce aikin gwamnati, wanda ake shigarsa ta jarrabawar gasa da ake kira konkur. Masu zama jarrabawar suna da ɗimbin yawa, guraben kuwa kaɗan ne. Ta biyu ita ce aikin kamfani, sai dai manyan kamfanoni sun fi taruwa a kudu, a Duwala da Yawunde. Ta uku ita ce abin da Hausawa ke kira buga-buga, wato ɗan kasuwanci yau, ƙwadago gobe, ko kuma haya da babur, sana'ar da ake kira acaɓa a Kano, kabu-kabu a Nijar, kilando a arewacin Kamaru. Masu digiri sun ƙaru tun da aka buɗe jami'a a Ngaundere a 1993, da Marwa a 2008, sannan aka kafa ta Garwa kanta a 2022. Ayyukan ofis ba su ƙaru da wannan sauri ba.

Wanda bai sami komai ba akan ce yana zaman kashe wando. Wanda ya samu kuma, tambayar farko da akan yi ita ce wa ya tsaya masa. Kalmomin ubangida da alfarma da sanayya ba sa rabuwa da hirar neman aiki. A 'yan shekarun nan kalmomin ƙwallo sun shigo cikin wannan hira. Wanda aka kora daga aiki, ko budurwa ta sallama, an ba shi jan kati. Wanda aka ɗauka aiki amma ba a ba shi abin yi ba, yana zaman benci. Wannan aron kalmomi yana nuna cewa mai kallon ƙwallo ba wasa kaɗai yake gani ba, yana ganin mutane suna neman gurbi, ana ɗaukarsu, ana ƙara musu girma, ana sallamarsu, duk a bainar jama'a.

Ƙungiyar da auduga ta haifa

Auduga ita ce babban amfanin gona na sayarwa a arewacin Kamaru. Wani kamfanin Faransa mai suna CFDT ne ya yaɗa nomanta a farkon shekarun 1950. A 1974 aka kafa kamfanin SODECOTON ya gaje shi, aka ajiye hedkwatarsa a Garwa, gwamnati ce kuma ke da kaso mafi yawa a cikinsa. Kamfanin yana hulɗa da manoma fiye da dubu ɗari. Yakan ba su iri da taki da maganin ƙwari bashi, in an yi girbi ya sayi audugar, ya cire kuɗinsa, ya gurje ta a masana'antunsa, ya kuma tatsi man girki daga angurya.

A 1986 aka kafa ƙungiyar ƙwallo a ƙarƙashin wannan kamfani, aka sa mata suna Coton Sport. Kafin nan ƙwallon Kamaru na 'yan kudu ne. Oryx ta Duwala ita ce ta fara cin kofin zakarun Afirka a 1965, Canon ta Yawunde ta ci sau uku, a 1971 da 1978 da 1980, Union ta Duwala kuma ta ci a 1979. Ba a lissafa arewa a wannan fage. Amma a 1997 Coton Sport ta ci gasar ƙasa karon farko, ta maimaita a 1998 da 2001, sannan ta riƙe kambin shekara shida a jere, daga 2003 zuwa 2008. Zuwa 2023 ta ci gasar fiye da sau 15, babu wata ƙungiya a ƙasar da ta kai ta.

A fagen Afirka ma ta taka rawa. A 2003 ta kai wasan ƙarshe na kofin CAF, Raja ta Kasabalanka ta doke ta. A 2008 ta fito daga rukuni mai zafi wanda ya ƙunshi Enyimba ta Aba da TP Mazembe ta Kwango da Al-Hilal ta Sudan, ta fitar da Dynamos ta Zimbabuwe, ta haɗu da Al-Ahly ta Masar a wasan ƙarshe na kofin zakarun nahiyar. An ci ta 2-0 a Alƙahira, aka tashi 2-2 a Garwa a watan Nuwamba, kofi ya tafi Masar. A wancan zamani akwai 'yan Nijar biyu da suka yi suna a ƙungiyar, mai tsaron gida Kassaly Daouda da ɗan gaba Kamilou Daouda. Wato Garwa, wadda samarinta ke tafiya kudu neman aiki, ita ma ta zama wurin da baƙi ke zuwa ci-rani.

Me ya kawo wannan nasara? Ba a ce 'yan arewa sun fi 'yan kudu iya taka leda ba. Bambancin yana wajen tsari. Ƙungiyoyi da yawa a Kamaru na mutum ɗaya ne, attajiri ko ɗan siyasa. Ranar da aljihunsa ya yi sanyi, ko ransa ya ɓaci, 'yan wasa sai su yi wata da watanni ba albashi, kuma kukan rashin biyan albashi tsohon kuka ne a ƙwallon ƙasar. Coton Sport kuwa kamfani ne a bayanta, mai kasafin kuɗi da akanta da ofis. An san ta da biyan 'yan wasa a kan kari, da renon yara tun suna ƙanana, da ɗauko masu horarwa daga waje, irin su Lamine N'Diaye ɗan Senegal da Denis Lavagne ɗan Faransa. Idan yaro ya goge sai a sayar da shi Turai, kuɗin ya dawo gida a reni wani.

Ga mai neman aiki, wannan yana gyara fahimtar kalmar ubangida. Ubangida mutum ne, yana iya mutuwa, ana iya tsige shi, yana iya juya baya. Saurayin da ya shiga Coton Sport ya shiga gida ne mai ƙa'ida, inda aka san matakin da ke bin wani matakin. Sai dai kada a wuce gona da iri wajen yabo. Gidan da ya dogara da kamfani ɗaya, kamfanin kuma ya dogara da ruwan sama da farashin auduga a kasuwar duniya, shi ma yana da nasa rauni. Kuma kambi ba gado ba ne: a 2024 Victoria United ta garin Limbe ce ta ci gasar.

Matakan Vincent Aboubakar

Cikin yaran da ƙungiyar ta rena akwai Jacques Zoua wanda ya tafi Basel ta Suwizalan, da Edgar Salli wanda ya tafi Monako, da Ambroise Oyongo wanda ya fara da Amurka. Amma wanda ya fi shahara shi ne Vincent Aboubakar, wanda aka haifa a 1992 ya kuma tashi a Garwa. Yana da shekara 18 aka sa shi cikin tawagar Kamaru zuwa gasar kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu, kuma shi kaɗai ne a tawagar yake wasa a ƙungiyar cikin gida.

Mai jin labarin daga nesa zai ɗauka daga nan sai hawa. Ba haka aka yi ba. A 2010 ya koma Valenciennes, ƙaramar ƙungiya a arewacin Faransa, ya yi shekara uku bai ci ƙwallaye masu yawa ba, har kwantiraginsa ya ƙare ya tashi. Lorient ta ɗauke shi a 2013 ba tare da ta biya kuɗin saye ba. A nan ne ya ci ƙwallo 16 a kaka ɗaya, Porto ta ƙasar Fotugal ta saye shi a 2014. A Porto ya tarar da wani a gurbinsa, Jackson Martínez ɗan Kolombiya, ya sha zaman benci. A 2016 aka ba da aronsa ga Besiktas ta Turkiyya. Aro a ƙwallo ba yabo ba ne, yawanci alama ce cewa mai gida bai ga amfanin mutum a wannan lokaci ba. Ya ci gasar Turkiyya da su, ya dawo Porto da daraja, sai kuma a 2018 jijiyar gwiwarsa ta tsinke, ya yi watanni yana jinya.

Ranaku biyu ne suka fi nuna halinsa, kuma abin mamaki duka biyun 5 ga Fabrairu ne. A ta farko, 2017, Kamaru ta haɗu da Masar a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Libarabil ta Gabon. Manyan 'yan wasa da dama sun ƙi amsa kiran mai horarwa Hugo Broos a wannan shekara, ba wanda ya sa ran tawagar za ta yi nisa. Aboubakar a benci ya fara wasan. Bayan hutun rabin lokaci aka sa shi, Masar tana gaba da ci ɗaya. Nicolas Nkoulou ya rama, sannan saura minti biyu a tashi Aboubakar ya tare ƙwallo da ƙirji, ya ɗaga ta ta saman kan mai tsaron baya, ya buga ta cikin raga. Kamaru ta ɗauki kofinta na biyar.

Ta biyu kuwa a 2022 ne, lokacin da Kamaru ta karɓi baƙuncin gasar. A nan shi ne kyaftin. Masar ta fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe, saura wasan neman na uku da Burkina Faso, irin wasan da 'yan wasa kan buga da sanyin jiki. An hutar da shi a farko, aka sa shi bayan hutu, jim kaɗan Burkina ta kai ci uku ba ko ɗaya. Stéphane Bahoken ya rage ɗaya, Aboubakar ya ci biyu cikin mintuna biyar na ƙarshe, aka je bugun daga kai sai mai tsaron gida, Kamaru ta yi nasara. Ya gama gasar da ƙwallo takwas, fiye da kowa.

Ba kullum ne ya zama abin koyi ba. Ranar 2 ga Disamba 2022, a gasar kofin duniya a Katar, ya ci Barazil da ka a ƙarshen wasa, karon farko ke nan da wata ƙasar Afirka ta doke Barazil a wannan gasa. Don murna ya tuɓe rigarsa, alhali yana da katin gargaɗi, sai alƙalin wasa ya ba shi na biyu ya kore shi. Ya miƙa wa alƙalin hannu yana murmushi ya fita. Duniya ta yi dariya ta yafe, domin sakamakon ɗaya wasan ya riga ya fitar da Kamaru. Amma da ƙasar ta wuce, da kyaftin ne ya hana kansa buga wasa na gaba. Wata ɗaya bayan haka, ƙungiyarsa Al-Nassr ta Saudiyya ta ɗauko Cristiano Ronaldo, aka raba gari da Aboubakar, ya koma Besiktas. Wanda ya ci Barazil a Disamba, a Janairu yana neman wurin aiki.

Waɗanda ba a ba da labarinsu

Kowane Aboubakar ɗaya, akwai ɗaruruwan yara da suka bar makaranta saboda ƙwallo ba su kai ko'ina ba. Akwai 'yan damfara masu kiran kansu wakilai, waɗanda kan karɓi kuɗin iyaye da sunan kai yaro gwaji Turai, su yar da shi a wani birni ba takarda ba masauki. Wani tsohon ɗan wasan Kamaru, Jean-Claude Mbvoumin, ya kafa ƙungiyar Foot Solidaire a Faransa a 2000 saboda irin waɗannan yara. Hukumar FIFA ta hana cinikin ɗan ƙasa da shekara 18 daga ƙasa zuwa ƙasa, sai bisa wasu 'yan sharuɗɗa, ta kuma ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin cinikin ɗan wasa don ƙungiyoyin da suka rene shi. Akwai kuma rage shekaru. Akwai lokacin da gwajin asibiti ya fitar da yara 21 cikin 30 da aka kira tawagar Kamaru ta 'yan ƙasa da shekara 17. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai neman aikin gwamnati, domin konkur ma tana da iyakar shekaru, kuma wanda ya daɗe yana jira shi ne ya fi shiga jarabar gyara takardar haihuwa.

Filin wasan Garwa sunansa Rumde Ajiya, sunan unguwar da yake ciki. Rumde a Fulatanci shi ne abin da Hausa ke kira rinji, ƙauyen gona na bayin wani babba a zamanin da. An gina filin a 1978, aka sabunta shi don gasar 2022, kuma a nan Nijeriya ta yi wasanninta: ta ci Masar 1-0, ta cinye wasanni uku na rukuni, sannan Tunisiya ta fitar da ita. 'Yan kallo sun tsallako daga Yola da Mubi, masu masauki da masu abinci da masu babur suka yi ciniki na 'yan makonni.

Hawa da sauka

A fagen shugabanci, ɗan Garwa da ya fi daɗewa a kan kujerar ƙwallo shi ne Issa Hayatou. An haife shi a 1946 a gidan sarautar garin, ɗan lamiɗo ne. Ɗan'uwansa Sadou ya yi firayim minista daga 1991 zuwa 1992, wani ɗan'uwan, Alim, ya yi lamiɗon Garwa har rasuwarsa a 2021. Ba za a ce asali bai taimake shi ba. Amma shi ma ya bi matakai. Ya yi tseren mita 400 da 800, ya koyar da wasannin motsa jiki a makaranta, ya zama babban sakataren hukumar ƙwallon Kamaru a 1974 yana da shekara 28, ya zama shugabanta a 1986. A 1988 aka zaɓe shi shugaban hukumar ƙwallon Afirka, CAF, bayan rasuwar Ydnekatchew Tessema ɗan Habasha.

Ya yi shekara 29 a kan wannan kujera. Lokacin da ya hau, Afirka gurbi biyu take da shi a gasar kofin duniya, zuwa 1998 ya zama biyar. Gasar kofin Afirka ta tashi daga ƙasashe 8 zuwa 12 a 1992, sannan 16 daga 1996. A zamaninsa aka yi gasar duniya a Afirka karon farko. A 2002 ya nemi shugabancin FIFA, Sepp Blatter ya kayar da shi da ƙuri'a 139 da 56, bai yi zuciya ya fice ba, ya ci gaba da zama a majalisar hukumar, har ya riƙe ta na wucin gadi daga Oktoban 2015 zuwa Fabrairun 2016 sa'ad da aka dakatar da Blatter.

Kurakuransa ma a fili suke. A 2010 'yan bindiga suka buɗe wa motar tawagar Togo wuta a Kabinda ta Angola, aka rasa rayuka, gwamnatin Togo ta janye 'yan wasanta. Sai CAF ta hukunta Togo da hana ta shiga gasa biyu, bisa hujjar cewa gwamnati ta tsoma baki a harkar ƙwallo. Ƙa'ida tana nan a rubuce, amma mutane da yawa sun ga rashin tausayi, kuma daga baya aka janye hukuncin. A 2012 aka gyara dokar CAF ta yadda sai ɗan kwamitin zartarwa ne zai iya takarar shugabanci, abin da ya toshe wa Jacques Anouma ɗan Kwaddibuwa hanya. A 2015 aka cire iyakar shekara 70 ga 'yan takara, daidai lokacin da shi kansa yake dab da cika 70. Bahaushe yana da kalma ga wannan, tazarce. A watan Maris na 2017, a Adis Ababa, Ahmad Ahmad ɗan Madagaska, wanda ba a san shi sosai ba, ya kayar da shi da ƙuri'a 34 da 20.

Hausa ta bambanta hanyoyin barin mulki: akwai murabus, akwai tsigewa, akwai faɗuwa zaɓe. Garwa ta ga biyu daga ciki a kan manyan 'ya'yanta. Ahmadou Ahidjo, wanda aka haifa a garin a 1924, ya fara da aikin rediyo a gidan waya, ya zama shugaban Kamaru na farko a 1960. A Nuwamban 1982 ya yi murabus da kansa ya miƙa wa Paul Biya, abin da ba a saba gani ba a Afirka ta wancan zamani. Sai dai ya sauka daga kujerar ƙasa ya riƙe ta jam'iyya, aka sami kai biyu a gida ɗaya. Kafin shekara ta zagayo sun ɓata, ya bar ƙasar a 1983, aka yanke masa hukunci a bayan idonsa a 1984. Hayatou bai sauka da kansa ba, ƙuri'a ce ta sauke shi, amma ya karɓi sakamakon ya koma gida, daga baya aka ba shi shugabancin girmamawa na CAF.

Hayatou ya rasu a Paris ranar 8 ga Agusta 2024, ana gobe zai cika shekara 78, aka kawo shi Garwa aka yi masa sutura. Ahidjo ya rasu a Dakar ranar 30 ga Nuwamba 1989, a can aka binne shi, kuma a 2021 aka binne matarsa Germaine kusa da shi.